Kafin Ka Damƙa Wa Dillali Kuɗin Fili

Ƙannena, maza da mata, mafi yawanku ba za ku yi wani ciniki a rayuwa da ya kai sayen fili ko gida nauyi ba. Kuɗin da ake zubawa a ciki yawanci tarin shekaru ne: adashe, rarar albashi, kason gado, gwal ɗin da aka sayar, ko abin da ɗan'uwa ya aiko daga Saudiyya. Kuma da wuya mutum ya yi wannan ciniki shi kaɗai. Sai an bi ta hannun wani, wanda iyayenmu ke kira dillali, 'yan birni kuma suke ce masa ejan. Shi ya san inda filin yake, shi ya san mai shi, shi zai kai tayi ya dawo da amsa. Saboda haka ya zama dole ka san wane ne wannan mutum, ka san abin da takardun da yake nuna maka suke tabbatarwa, ka kuma san iyakar da shaidarsu ta tsaya.

Kada wani ya ɗauka zagin dillalai zan yi. Dillanci tsohuwar sana'a ce mai daraja a ƙasar Hausa, kuma addini bai hana ta ba. Imam Bukhari ya ware babi a kan ladan dillanci, inda ya kawo cewa manyan tabi'ai irin su Ibn Sirin da Aɗa'u da Hasanul Basri ba su ga laifi a cikinta ba. Kakanninmu ma sun yi mata tsari mai ƙarfi. Wani masani, Abner Cohen, da ya zauna da Hausawan Sabo a Ibadan a farkon shekarun 1960, ya bayyana yadda ake cinikin shanu a can: fatake daga Arewa na sauka a wajen maigida, dillalan maigida su sayar wa mahauta a kan bashi, idan kuma mahauci ya gaza biya, maigidan ne zai cika wa baƙonsa kuɗinsa. Babu takarda, babu hatimi, amma dillalin yana da wanda ya tsaya masa, kuma wanda ya tsaya masa yana da suna da gida da za a iya zuwa a tarar da shi. Haka kasuwanninmu suke da sarkin dillalai wanda ake kai wa ƙara, wanda zai iya hana mutum sana'a idan ya ci amana.

Wannan tsari ya yi aiki ne domin kowa ya san kowa. Yanzu birane sun buɗe. Mutum yana Legas zai sayi fili a bayan Kano, yana Jidda zai sayi kango a Rigasa, kuma dillalin da ya samu, a TikTok ko Facebook ya same shi. A mafi yawan jihohinmu, duk mai waya da baki zai iya tashi da safe ya ce shi dillalin gidaje ne, babu mai tambayarsa lasisi. A Amurka ba haka ba ne: kowace jiha ce ke ba da lasisin sana'ar bayan karatu da jarrabawa, kuma tana iya ƙwacewa. A nan gida, Jihar Legas ta yi dokar da aka sa wa hannu a 2022 wadda ta wajabta wa dillalai da kamfanonin gidaje yin rajista da hukumarta mai suna LASRERA. Idan a Legas za ka yi ciniki ko kama haya, tambayar wannan rajista haƙƙinka ne. A sauran wurare kuwa, nauyin tantancewa yana wuyanka.

Takardar da za a fi saurin nuna maka ita ce ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Za ka gan ta cikin gilashi a bangon ofis, da tambarin ƙasa a samanta, ko ka ga lambar RC a jikin allon talla. Tana da amfani, domin za ka iya shiga shafin hukumar a intanet ka rubuta sunan kamfanin, ka ga ko da gaske an yi masa rajista, da ranar da aka yi, da ko yana raye a kundinsu. Kamfanin da ke cewa ya shekara goma yana raba filaye, amma rajistarsa ta bara ce, ya riga ya gaya maka wani abu game da kansa. To amma iyakar shaidarta ke nan: akwai kamfani mai wannan suna. Ba ta ce masu shi sun san aikin ƙasa ba, ba ta ce suna da amana ba, balle ta ce filin da suke tallatawa nasu ne. Hukumar ba ta taɓa ganin filin ba. Matasa da yawa suna ganin wannan takarda sai hankalinsu ya kwanta su daina tambaya, alhali nan ne ya kamata tambaya ta soma.

Haka takardar SCUML take, sashen da ke ƙarƙashin EFCC mai sa ido a kan halasta kuɗin haram. Doka ta sa masu harkar gidaje cikin waɗanda za su yi rajista da shi, kuma bankuna na nemanta wajen buɗe musu asusun kasuwanci. Wasu na ɗaga ta kamar EFCC ce ta wanke su. Abin da take nufi kawai shi ne an san da zamansu kuma an ɗora musu wajibin ba da rahoto. Katin ƙungiya ma yana da nasa matsayi. Akwai REDAN ta masu gina rukunin gidaje, akwai ƙungiyoyin dillalai na ƙasa da na unguwa. Wanda ya shiga ƙungiya ya fi wanda ke yawo shi kaɗai, tun da akwai inda za a kai kukansa. Sai dai ka nemi lambar ofishin ƙungiyar da kanka, ba wadda shi ya ba ka ba, ka kira ka tambaya ko sun san shi.

Shaidar da ta fi waɗannan duka nauyi ita ce ta ƙwararrun masu kimanta gidaje da filaye. Ƙungiyarsu, NIESV, an kafa ta a 1969, hukumar da doka ta ba ikon yi musu rajista kuma, ESVARBON, an kafa ta a 1975. Kafin mutum ya shiga kundin wannan hukuma sai ya yi digiri ko babbar difloma a fannin kula da kadarori, irin wanda ake koyarwa a Jami'ar Bayero, ko Jami'ar Fasaha ta Minna, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, sannan ya yi horo a ƙarƙashin wanda ya riga shi, ya ci jarrabawar ƙwarewa. Daga nan ake ba shi lambar rajista da hatimi. Za ka ga ESV kafin sunansa, ko ANIVS ko FNIVS a bayansa. Rahoton kimar da ya sa wa hatimi shi ne wanda banki da kotu suke karɓa, shi ya sa idan gidan gado za a raba ko a sayar, kuma magada suna jayayya a kan kuɗinsa, kiran irin wannan mutum yana kashe fitina da yawa tun ba ta yi girma ba.

Abin da ya ba wannan shaida ƙarfi shi ne ana iya ƙwace ta. Mutumin da ya kwashe shekaru kafin ya sami hatimi, kuma ya san akwai kwamitin ladabtarwa da zai iya cire sunansa daga kundi, zai yi tunani sosai kafin ya sayar da fili ɗaya ga mutum biyu. Wannan shi ne ma'aunin da nake so ka riƙe a kan kowace takarda da aka nuna maka: wa ya bayar da ita, me ya bincika kafin ya bayar, kuma idan mai ita ya cuce ni, akwai wanda zai karɓe ta daga hannunsa? Haruffa a bayan suna kuwa ba wuyar bugawa gare su ba. Ka nemi lambar rajistar, ka tuntuɓi hukumar ko reshen ƙungiyar na jiharka. Mai rajistar gaskiya ba ya jin haushin wannan, domin ita ce ribar wahalar da ya sha.

Na san ba kowa ke da halin zuwa wajen irin waɗannan ba, kuma ba sa kusantar cinikin fuloti hamsin-hamsin a bayan gari. Yawancin cinikinmu ta hannun dillalin unguwa ake yi, wanda ba shi da ofis sai benci a bakin titi, kuma a cikinsu akwai dattawan da amanarsu ta fi ta masu gilashi da na'urar sanyaya ɗaki. Shi ma yana da shaidar da za a bincika, sai dai a bakin mutane take. Ina gidansa? Shekara nawa yana sana'ar a wannan yanki? Mai unguwa ya san shi? Ka ce ya nuna maka mutum biyu ko uku da suka saya ta hannunsa, har sun gina sun shiga, ka je ka gaishe su ba tare da shi ba. Wanda ya saya jiya bai san komai ba tukuna, domin rigimar fili takan tashi ne ranar da aka sauke yashi da bulo.

Yanzu ga kuskuren da ya fi kowanne cin kuɗin matasa: ɗaukar shaidar dillali a matsayin shaidar fili. Ko da dillalinka ya fi kowa rajista da gaskiya, filin yana da nasa takardun, kuma su ma sai an bi su. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da kake saye a gaskiya haƙƙin zama ne da amfani, wanda takardar C of O ke shaida, yawanci na shekara 99. Dokar ta kuma ce ba a miƙa wannan haƙƙi ga wani, ko a jinginar da shi, sai da amincewar gwamna, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da ƙarfin wannan sharaɗi a 1989 a shari'ar Savannah Bank da Ajilo. Don haka in an ce maka "akwai satifiket", maganar ba ta ƙare ba. Sunan wa ke jiki? In ba sunan mai sayarwa ba ne, ina takardun da suka nuna yadda ya zo hannunsa? An ajiye shi a banki a matsayin jingina? Amsar tana ofishin ƙasa: AGIS a Abuja, wadda aka kafa a 2003, KADGIS a Kaduna, KANGIS da ma'aikatar ƙasa a Kano, da makamantansu a sauran jihohi. Ana biyan kuɗin bincike, a buɗe fayil, a ba ka sakamako a rubuce. Kada ka karɓi hoton sakamako a WhatsApp daga hannun mai talla. Kai ko lauyanka za ku nema.

Filin awon igiya kuwa, wanda manomi ya yanka gonarsa aka raba da takardar dagaci ko mai unguwa, shi ne gidan talaka a birane da yawa, kuma ba zan ce kada ka saya ba. Amma ka san abin da ka saya. Takardar dagaci shaida ce cewa an yi ciniki a gaban mutane, ba ta hana gwamnati zuwa ta ce wurin hanya ne, ko magudanar ruwa, ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki. Hukumomin tsara birane, KNUPDA a Kano da KASUPDA a Kaduna, su suka san abin da aka tanadar wa yankin. A Abuja ma abin ya fi tsanani: ministan birnin tarayya ne kaɗai ke da ikon ba da fili, takardar sarkin ƙauye ko ta ƙaramar hukuma ba ta ba ka mallaka. Waɗanda suka ga rusau na tsakanin 2003 da 2007 sun san yawan mutanen da suka tsaya riƙe da takarda a hannu suna kallon katafila. Dillalin da ya san aikinsa zai faɗa maka wannan da bakinsa kafin ka tambaya. Wanda ya ce "kai dai ka gina, babu abin da zai faru" ya nuna maka iyakar iliminsa ko iyakar tsoron Allahnsa.

Akwai mutum biyu da dillali ba zai maye gurbinsu ba komai ƙwarewarsa. Na farko safiyo, mai rajista da hukumarsu ta SURCON da aka kafa a 1989. Shi zai je filin da na'urarsa ya tabbatar cewa wurin da aka tsayar da kai shi ne wurin da ke jikin takarda, domin nuna wa mutum fuloti na bakin titi a ba shi takardar na can ciki tsohuwar dabara ce. Na biyu lauya. Doka ta keɓe wa lauyoyi aikin rubuta takardun miƙa mallakar ƙasa a kan lada, kuma kowane lauya na gaskiya yana da lambar shigarsa kundin Kotun Ƙoli da hatimin ƙungiyar lauyoyi da yake mannawa. Abin lura shi ne lauyan ya zama naka, kai ka nemo shi, kai kake biyansa. Lauyan da dillali ya zo da shi a motarsa, ko na kamfanin da ke sayarwa, bukatar waɗanda suka kawo shi yake karewa.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da ake jin nauyin yi: wa dillalin yake wa aiki? La'adarsa tana fitowa ne in ciniki ya faɗa, kuma tana ƙaruwa in kuɗi ya ƙaru. Ko mutumin kirki ne, zuciyarsa tana son a sallama. Ka tambaye shi kai tsaye ko mai filin ne ya ba shi, ko daga wani dillalin ya ji. Sau da yawa tsakaninka da mai kaya akwai mutum huɗu ko biyar, kowa ya ɗora nasa, na ƙarshen bai taɓa ganin mai filin ba. Ka nemi a haɗa ka da mai shi ido da ido, ka ga katin shaidarsa, ka gwada da sunan da ke takarda. In an ce ya yi tafiya, wakili ne zai sa hannu, to a kawo takardar wakilci lauyanka ya duba. In gado ne, ka tsananta. An raba? Wace kotu ko wane malami ya raba, ina takardar? Dukan magada sun yarda, har da mata da waɗanda ke wani gari, kuma wa ya tsaya wa marayu? A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, abokin tarayya a kadarar da ba a raba ba yana da haƙƙin shufu'a, wato ya biya kuɗin da ka biya ya karɓi kason da aka sayar maka. Babban wa shi kaɗai ba shi da ikon sayar da gidan mahaifinsu don kawai shi ke riƙe da takardu.

Ke ma ƙanwata da gado ya faɗo hannunki, ko kai da za ka sayar don neman jari, dillali na iya cutar mai sayarwa kamar yadda yake cutar mai saye. Kada asalin takarda ya bar hannunki kafin kuɗi su shiga asusunki. Kwafi ya isa a yi talla. A rubuta yarjejeniya ko da rabin shafi ce: ga kuɗin da ake nema, ga la'ada, ga tsawon lokacin da aka ba shi, ga wanda zai biya. A birane da yawa an saba da kashi 5 cikin ɗari a kan sayarwa, kashi 10 a kan haya, amma al'ada ce, ana iya sasantawa, matuƙar an yi kafin ciniki. In kin yarda ya sayar a kan kaza, abin da ya hau nasa ne, wannan malamai sun yi magana a kansa tun zamanin sahabbai, da sharaɗin kin sani kin amince. Abin da ba ya halatta shi ne ya ce miki an taya miliyan takwas alhali ya karɓi goma. Maganinsa ki zauna da mai saye a wuri ɗaya, a faɗi kuɗin a gaban shaidu. Kada kuma ki yarda a kawo masu tayin ƙarya don a zuga mai saye. Wannan shi ne najashu da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana, kuma dillalin da ya yi miki shi yau zai yi wa wani a kanki gobe.

Wajen biya, kuɗi su tafi ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan mai takarda, a rubuta dalilin turawa. La'ada a biya ta daban. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ma ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi fiye da naira miliyan 5, kamfani kuma miliyan 10, ba tare da an bi ta banki ba. Kafin alƙalami, in za a bayar, a rubuta sharaɗin dawo da shi idan bincike ya nuna matsala. Za a ce maka akwai wani Alhaji da ke zuwa da kuɗi da la'asar, in ba ka ajiye wani abu ba ka rasa. Wani lokaci gaskiya ne. Ka bar shi ya saya. Filin da ba zai jira kwana bakwai a duba fayil ba, cinikin biri a sama ne.

Abin da ya fi hana mu yin duk wannan kunya ce. Dillalin kawun abokinka ne, ko tare kuke sahu a masallaci, ko surukinka ne ya haɗa ku, sai ka ga neman takarda a wajensa kamar tuhuma ce. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu, ta kuma yi umarni da kafa shaida idan an yi ciniki, kuma sahabbai aka fara faɗa wa, mutanen da amanarsu ta fi tamu. Rubutu da bincike suna kare dillalin kirki shi ma, domin shi ma ana ruɗarsa da takardar jabu, kuma in rigima ta tashi shi ake fara kamawa. Ka faɗa masa cikin ladabi: "Baba, kuɗin ba nawa ba ne ni kaɗai, akwai haƙƙin iyali a ciki, bari lauya ya duba fayil, safiyo ya auna, sai mu ƙarasa ranar Litinin in Allah ya kai mu." Dattijon arziki zai sa maka albarka, wataƙila ma ya raka ka ofishin ƙasa ya nuna maka teburin da ake biyan kuɗin bincike. In kuwa fuskarsa ta canza ya soma cewa ba ka yarda da shi ba, ka yi masa godiya, ka biya shi kuɗin man da ya ƙona wajen kai ka filin, ka nemi wani.